Doka kafin fenti: yadda ake raɗa wa makarantun da aka haɗe suna

Ka tsaya bakin hanyar Dutsin-Ma a garin Katsina da safiyar Litinin, ka kasa kunne ga masu Keke Napep da ke kwasar ɗalibai. Ba za ka ji wanda ya ce "Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina" ba. "Poli" za ka ji, sauran makarantun kan hanyar kuma sai "FCE", sai "Umaru Musa", sai "Alƙalam". A Daura ma, kwalejin da ke ɗauke da sunan Dokta Yusufu Bala Usman, "Ligal" mutanen gari ke ce mata, komai aka rubuta a allon ƙofarta. Makaranta kamar ɗa take, tana da sunan yanka, tana da laƙabin da gari ya sa mata. Sai dai tana da suna na uku, wanda aka buga a takardar shaidar ɗalibi, kuma shi ne zai bi mai takardar ofis-ofis har ranar da zai yi ritaya.

Idan gwamnati ta haɗe makarantu biyu ko uku, duk sunayen nan uku sai an taɓa su. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kamo aikin daga wutsiya. A sanar da suna a wurin taro, a kira mai fenti ya shafe allon ƙofa, a ɗinka riguna da huluna, sannan a tuna cewa doka ba ta canza ba, JAMB ba ta da labari, ga 'yan ajin ƙarshe suna jiran takarda ba a san da wane suna za a buga musu ba. Doka ce ya kamata ta fara, rijistoci su biyo, fenti ya zo ƙarshe.

Haɗe makarantu ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Jami'ar Ahmadu Bello kanta a 1962 daga makarantun da ke nan da ma aka tayar da ita: kwalejin fasaha da kimiyya ta Zariya, cibiyar binciken noma ta Samaru, makarantar koyon mulki ta Kongo, da kwalejin Kano wadda ta zama Jami'ar Bayero a 1977. A 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta liƙa jami'o'in fasaha huɗu ga manyan jami'o'i: ta Bauci ga ABU, ta Yola ga Maiduguri, ta Makurɗi ga Jos, ta Abekuta ga Legas. A 1988 aka sake raba su. Jihar Ekiti ta haɗe jami'o'inta uku a 2011, Legas kuma ta haɗe kwalejojin ilimi biyu, ta Adeniran Ogunsanya da ta Michael Otedola, suka zama jami'ar ilimi guda a 2022. Jihar da ke da kwalejoji warwatse a Katsina da Daura da Dutsin-Ma da Malumfashi da Kankiya, gara masu ruwa da tsaki su san yadda aikin yake tun maganar ba ta taso ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Hanyoyin zaɓen suna uku ne, kowace da kuɗin da ake biya a kanta.

Ana iya barin sunan babbar makarantar ya rufe duka. Wannan ita ce mafi arha, domin rabin takardu da alluna ba za su canza ba. Amma ma'aikatan ƙaramar da mutanen garinsu ba za su kira abin haɗewa ba, haɗiyewa za su ce, kuma wannan ɗacin yakan daɗe yana fitowa a zaɓen shugabannin tsangaya da rabon ƙarin girma. Ana iya kuma a ɗaure sunayen biyu wuri guda. Kowa ya ga nasa, hankali ya kwanta, sai dai sunan ya yi tsawon da ba ya shiga hatimi, kuma nan take rigimar wanda za a fara ambata ta tashi. Ta uku ita ce sabon suna fil, yawanci na jiha ko na gari, kamar yadda Legas ta yi, ko kamar Jami'ar Johannesburg a Afirka ta Kudu da aka kafa a 2005 daga makarantun da ba a ɗauki sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Ita ce mafi tsada, amma idan makarantun sun kusa zama tsara, ita nake ganin ta fi adalci.

A nan jihar Katsina wahalar ta fi yawa, domin manyan makarantun jiha da dama sunan wani babban mutum suke ɗauke da shi: Hassan Usman Katsina, Isa Kaita, Yusufu Bala Usman, Umaru Musa 'Yar'aduwa. Waɗannan sunaye suna da 'ya'ya da jikoki a raye, suna da masarauta da ke kallonsu a matsayin nata. Jihar tana da masarautu biyu, Katsina da Daura, da shiyyoyi uku, har da ta Funtuwa. Duk sunan da aka cire daga allo, akwai gidan da za a yi zaman jimami. Don haka iyalan da fadar ba a rediyo ya kamata su ji labari ba. A je musu takanas kafin sanarwa, a kuma je da abin da za a ba su a hannu: sunan mahaifinsu zai koma kan harabar da makarantarsa take, a rubuce cikin doka, ba alkawarin baki ba. An taɓa yin irin wannan. Da aka mayar da jami'ar fasaha ta Bauci ƙarƙashin ABU a 1984, Kwalejin Abubakar Tafawa Ɓalewa aka kira ta, da ta sake tsayawa da ƙafarta a 1988 kuma da sunan ta fita.

Sunan gari ma ba abin wasa ba ne. A jihar Jojiya ta Amurka an haɗe jami'o'i biyu na birnin Augusta a 2013, hukuma ta sa musu Georgia Regents University. Mutanen gari suka ƙi, don an jefar da sunan birninsu. Wata jami'a a jihar Bajiniya mai suna Regent ita ma ta kai ƙara kotu kan kamannin suna. A 2015 aka haƙura aka koma Augusta University, aka sake biyan kuɗin alluna da takardu karo na biyu. Kusa da gida, a ranar 29 ga Mayu 2012 Shugaba Goodluck Jonathan ya sanar da cewa Jami'ar Legas ta koma Jami'ar Moshood Abiola. Ɗalibai suka fito kan titi, aka rufe makarantar na wani lokaci, magana ta kai kotu, kuma da yake sunan da ke cikin doka bai canza ba, har yau Jami'ar Legas ce. A Kano kuwa, Jami'ar Northwest da aka kafa a 2012 ta koma Jami'ar Yusuf Maitama Sule a 2017, sannan a ƙarshen 2024 aka mayar mata da sunanta na farko. Ɗaliban makaranta ɗaya, sashe ɗaya, yanzu suna yawo da takardu masu suna iri biyu. Wannan kaɗai ya isa a nemi sunan da gwamnati mai zuwa ba za ta ga dalilin taɓawa ba.

Kafin a tsayar da suna, a rage jerin zuwa uku ko biyar, a gwada kowane. Sunan Turanci da zai hau doka kada ya wuce kalma biyar ko shida in da hali. A tsayar da fassararsa ta Hausa a hukumance rana ɗaya da shi, a aika wa gidajen rediyo da jaridu, in ba haka ba kowane mai karanta labarai zai fassara yadda ya ga dama, a wayi gari makaranta ɗaya tana da sunayen Hausa huɗu. A kuma tsayar da na Larabci, saboda ɗaliban da za su nemi ƙarin karatu a Masar ko Sudan ko Saudiyya.

Sai gajeren suna, wanda shi ne mutane za su riƙa faɗa. Jihohi shida ne a Nijeriya sunansu ya fara da K: Kano, Katsina, Kaduna, Kebbi, Kogi, Kwara. Don haka duk gajartawar da ta fara da K sai an duba ta da kyau, ga KASU a Kaduna, ga KWASU a Kwara. Jami'o'in tarayya na Dutse da Dutsin-Ma duk a 2011 aka kafa su, ɗaya ta zama FUD, ɗaya FUDMA, harafi biyu ne kawai ya raba su. A garin Katsina ma an yi lokacin da ake da Jami'ar Katsina mai zaman kanta, wadda aka kafa a 2005, da Jami'ar Jihar Katsina ta 2006, kan hanya ɗaya, kafin ta jiha ta ɗauki sunan Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2009, ɗayar kuma ta koma Alƙalam. Gajeren suna ya zama harafi uku zuwa biyar, mai wasali a ciki yadda baki zai iya furta shi kamar kalma. A faɗe shi da ƙarfi a gaban ɗalibai, da Hausa da Fulatanci da Turanci, a ga ko za su yi dariya. In suka yi, to laƙabin da za su sa wa makarantar ke nan har abada. A kuma kai shi tasha a gwada wa direbobi, domin in ya yi musu nauyi a baki, "Poli" za su ci gaba da cewa ko da an mai da wurin jami'a.

Akwai wata matsala da ta shafe mu mu kaɗai, ta haruffa masu ƙugiya da alamar ɗauri. Adireshin intanet ba ya karɓar alamar da ke cikin 'Yar'aduwa, wasu manhajojin rijista kuma sukan yanke suna a daidai wurinta ko su cika shi da shirme. A tsayar da rubutu biyu tun farko, cikakke na takardar shaida da sauƙaƙƙe na kwamfuta, a rubuta su a takardar umarni guda. Salon haruffan da za a zaɓa wa makarantar kuma dole ya ƙunshi ɓ da ɗ da ƙ, manya da ƙanana. A buga "Ɗanɗagoro" da "Ƙofar Soro" da shi a gani. In ƙugiyar ta fito da wani salo daban ko ta zama akwati, a nemi wani.

Yanzu doka. Makarantar jiha majalisar dokokin jiha ce ke kafa ta, gwamna ya sa hannu, a buga a gazet, wato jaridar gwamnati da ake wallafa dokoki a ciki. Ta tarayya sai Majalisar Tarayya. Dokar haɗewa ba sunan kaɗai za ta ɗauka ba. Ta soke tsofaffin dokokin, ta faɗi ranar da sabon suna zai fara aiki, ta ce sabuwar makarantar ce magajiyar filaye da gine-gine da basussuka da shari'o'in da ke kotu, ta ce shekarun aikin ma'aikata ba su yanke ba. Sannan ga sashen da aka fi mantawa, wanda kuma ya fi shafar talaka: ta ce duk takardar shaidar da tsofaffin makarantun suka bayar tana nan da ƙarfinta, kuma sabuwar makarantar ce ke da ikon riƙe rijistocinsu, da bayar da sakamakon jarrabawa, da tabbatar wa duk mai tambaya. Ranar fara aiki ta dace da farkon zangon karatu, kada a tsaga shekara biyu.

Da gazet a hannu sai a bi hukumomi ɗaya bayan ɗaya. NUC ce ta jami'o'i, NBTE da ke Kaduna ta kwalejojin kimiyya da fasaha, NCCE ta kwalejojin ilimi. Makarantar da ta haɗa digiri da difloma da NCE za ta iya samun kanta a hannun biyu ko duka ukun. Kada a ɗauka amincewar da aka yi wa kwas a tsohuwar makaranta ta tsallako da kanta. A nemi wasiƙar da ta lissafa kwasa-kwasan ɗaya-ɗaya da sabon suna. Haka za a yi da hukumomin sana'a, kamar ta ma'aikatan jinya da ungozoma, da TRCN ta malamai, da COREN ta injiniyoyi. JAMB a sanar da ita kafin a fara sayar da fom na shekarar, in ba haka ba ɗalibi zai zaɓi makarantar da babu ita. Bayan ita sai NYSC, wadda ke gwada sunayen da makaranta ta aiko da abin da ke rijistar JAMB. Yaron da ya shiga da tsohon suna ya fita da sabo, in ba a daidaita bayanan biyu ba, a gida zai zauna abokansa su tafi bautar ƙasa. Sai TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, da NELFUND mai bashin karatu, da bankuna, da shafin biyan kuɗin makaranta, domin rasit ɗin da iyaye za su karɓa ya dace da allon ƙofa.

Takardun shaida a kasa su kashi uku. Wanda ya gama kafin haɗewa, takardarsa ta zauna yadda take, ba a sake masa wata. Abin da yake bukata wasiƙa ce mai hatimi da ke cewa makaranta kaza ta zama kaza a rana kaza bisa doka mai lamba kaza, kuma a liƙa wannan bayani a shafin makarantar inda mai ɗaukar aiki ko jami'ar waje za su gani. Wanda haɗewa ta same shi a tsakiyar karatu, a ba shi da sabon suna, a ƙasa a ƙara layi guda mai ambaton tsohon. Sababbin shiga ba su da matsala. Lambar ɗalibi kuwa kada a canza ta. Makarantu biyu sukan yi amfani da tsari iri ɗaya, shekara da sashe da jeri, ta yadda idan aka zuba rijistocin wuri guda mutum biyu za su faɗa kan lamba ɗaya, sakamakon wani ya hau na wani. Maganinsa shi ne a ƙara harafi ɗaya ko biyu na haraba a gaban kowace tsohuwar lamba kafin a haɗa. Takardun shaida da ba a cike ba masu tsohon suna a ƙirga su, a rubuta lambobinsu, a ƙone su a gaban magatakarda da mai binciken kuɗi da jami'in tsaro. Tsofaffin hatimai a karɓe su daga kowane ofis da sa hannu, a ajiye ɗaya a ma'adana don gwada tsofaffin takardu, a lalata sauran. Hatimin makarantar da ta daina aiki, in ya fita waje, shi ne jarin mai buga takardun bogi.

Na intanet kuma a yi shi a asirce kafin sanarwa. A kama adireshin .edu.ng, wanda ba a ba kowa sai makarantar da hukuma ta amince da ita, a kuma kama masu kama da shi a .ng da .com.ng da .com, da sunan a Facebook da X da YouTube. In aka sanar da safe ba a yi haka ba, kafin la'asar wani ya buɗe shafin "neman gurbi" yana karɓar kuɗin mutane. Tsofaffin adireshi a ci gaba da biyan kuɗinsu shekara goma aƙalla, a sa musu juyarwa ta dindindin, wadda masu harkar ke kira 301, kowane shafi zuwa takwaransa. Imel ɗin malamai ma ya riƙa wucewa zuwa sabon, kuma a ba su rubutun suna guda da za su riƙa sawa a muƙalunsu, don kada aikin makaranta ɗaya ya rabu gida uku a Scopus, rumbun intanet da ke lissafa muƙalun bincike. A yi wa suna da tambari rajista a ofishin alamun kasuwanci na tarayya, aji na 41 na ilimi, na 16 na takardu, na 25 na tufafi. Rajistar farko shekara 7 take yi, sabuntawa kuma shekara 14.

Sai yanzu aka zo kan tambari. Abin da kwamiti ke fara yi shi ne ɗebo rabin wannan da rabin wancan: buɗaɗɗen littafi, da tocila, da ƙafar inji, da dagin Arewa, da hasumiyar Gobarau, da rijiyar Kusugu, duk cikin garkuwa ɗaya don kada a ce an bar wani. A allon taro yana da kyau. A katin shaida kuwa dunƙulen tawada ne. Siffa ɗaya ta isa, biyu in ta kama. A raba hatimi, mai cikakken suna da kirari na takardar shaida, da tambarin yau da kullum mai sauƙi. Gwajinsa biyar ne: a rage shi zuwa santimita 2, a yi masa fotokwafi baƙi da fari sau uku a jere, a sassaƙa shi a hatimin roba, a ba mai surfani ya ɗinka a aljihun riga, a sa shi a da'irar hoton WhatsApp. In ya tsira daga duka, ya yi.

Launi biyu sun isa, kuma a rubuta lambobinsu na injin ɗab'i da na fuskar kwamfuta, don "kore" na wannan mai bugawa ba shi ne na wancan ba. A tuna da ranar Katsina da ƙurar hunturu: ja da shunayya su ne ke fara koɗewa, farin allo kuma kafin damina ya koma ruwan ƙasa. Fleks bai wuce na wucin gadi ba. Babbar ƙofa tana son haruffan ƙarfe ko alminiyom. Mai zane ya miƙa asalin fayil ɗin da ake faɗaɗawa ba ya fashewa, SVG ko EPS, tare da takardar da ta ce mallakar makaranta ne, kafin a biya shi cikon kuɗinsa.

Idan kirarin aya ce, kamar na Jami'ar Bayero, "wa fauƙa kulli zi ilmin alim", to a yi tunanin inda tambarin zai je. Zai hau fayil da ambulan da ake yarwa, da rigar wasanni, wani lokaci har da tabarmar ƙofa. A yi nau'i na biyu marar ayar don irin waɗannan wurare. Rubutun Larabci kuma wasu manhajojin zane sukan wargaza haruffansa ko su juya shi baya, don haka malami ya duba samfurin ƙarshe kafin a buga dubbai.

Ba sai an canza komai rana ɗaya ba. Ranar farko: babbar ƙofa, shafin intanet, hatimi, takardar wasiƙa, rasit. Cikin zangon farko: katunan shaida, motoci, allunan kan hanya. Sauran, kamar rigunan yaye ɗalibai da allunan ɗakunan karatu, a sauya su idan sun tsufa. Duwatsun harsashi da allunan buɗe gini kuwa kada a kankare su, tarihi ne.

Saura shekarar kafuwa, wadda ake rubutawa a ƙarƙashin tambari. Jami'ar Manchester ta yanzu a 2004 aka haife ta daga haɗe jami'o'i biyu, amma 1824 take rubutawa, shekarar da tushen ɗaya daga cikinsu ya faro. Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921, wadda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi, ta koma Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, ta zama Barewa a 1971, kuma har yau daga Katsina take ƙirga shekarunta, ga tsohon gininta nan cikin gari ya zama gidan tarihi. Makarantar da aka haɗe ta ɗauki shekarar wadda ta fi tsufa a cikinsu, ta rubuta shekarar haɗewa a tarihinta, sannan ta buɗe ofis guda ƙarƙashin magatakarda, da ma'aikaci daga kowace tsohuwar makaranta wanda ya san inda fayilolinta suke, da lambar waya ɗaya da za a buga a bayan kowace wasiƙar tabbatarwa.